Amsar da Aka Hana Mu

Kakata ta sha ba ni labarin yadda kakarta ta gudu daga gidan wani dillalin bayi a unguwar Misfala, nan ƙasa mai tsarki. Wasu masu ƙin bauta ne suka ɓoye ta cikin buhunan gawayi har Jidda, inda aka rubuta mata takardar 'yanci. Dillalin, wanda shi ne ubangidanta, yakan kira ta "Kullum Safiya", ita kuma dole ta amsa da "Ina godiya". Shi ya sa a gidanmu ba mai furta wannan amsa, shukran muke cewa.

Ranar Talata da rana tsaka na rufe shagona na abinci a unguwar Mansur, na yanke ta wani lungu. Ba kowa, sai gurnanin na'urorin sanyaya ɗaki. Can sai suka yi tsit gaba ɗaya. Warin tsohuwar igiyar kaba ya bugi hancina.

Wani tsoho ne zaune a gindin bango, rawaninsa fes, ƙafafunsa kan kwalta mai ƙuna ba takalmi. Hausarsa irin wadda ban taɓa ji ba sai a bakin kakata.

Ya ce, "Sannu da aiki, 'yata. Kullum safiya."

Na gaji, ga shi kuma dattijo. Bakina ya riga hankalina: "Ina godiya, Baba."

Ya miƙe a hankali, amma inuwarsa ta ci gaba da zama. Ya fara zaro igiya daga hannun rigarsa yana murmushi.

Ya ce, "Shekara ɗari da arba'in ina kira. Yau dai kin amsa."