Ƙofa Na Kallon Ƙofa

Takardun zane huɗu a nannaɗe. Fensir biyu. Tef ɗin awo. Ɗan gidan kwali mai ɗakuna goma sha biyu. Da zoben da ta cire sati uku da suka wuce, a ƙulle cikin hankici.

Abin da ta ɗauko ke nan. Motar haya tana gangarawa bakin tafki, Gwaggonta a gefe, bakinta bai huta ba.

"Shekara bakwai kina karatun zanen gini a waje, ki dawo ki ƙare a hannun mai gyaran kwale-kwale? Gara da kika cire zoben nan! Ga ɗan kwangila, mutum har mutum, kullum sai ya tambaye ki..."

"Gwaggo, don Allah."

Tsofaffi goma sha biyu ne suka haɗa filinsu na bakin ruwa, don a gina musu gida guda: kowa da ɗakinsa, kicin ɗaya, tsakar gida ɗaya. Ita suka ba zanen, domin kakarta na cikinsu. Yau za su ce i ko a'a. In suka ce a'a, 'ya'yansu za su sayar wa ɗan kwangila filin ya gina otal, kowa ya kwashi tsohonsa zuwa birni.

Zanen ya yi kyau, ta sani. Ɗakuna a jere, kowace ƙofa na kallon tafki. Ɗan kwangila ya ce kada ta canja ko layi ɗaya. Kafintan da ta yi wa alkawarin aure kuwa ya daɗe yana dubawa, sannan ya ce, "Mai-zane, ba za su zauna a ciki ba."

"Kai da ba ka taɓa zana ko akurki ba?"

Abin da ta ce masa ke nan. Bai rama ba. Ita kuma ba ta tambayi dalili ba, ta cire zobensa.

A rumfar da yake aiki aka yi taron, tsakanin katako da ƙamshin fenti. Yana can baya, ya jingina da wani kwale-kwale. Ta ƙi kallonsa. Ta ɗora gidan kwalin a kan tebur, ta yi bayanin iska da haske da matakalar da babu.



Kaka ta matso da sandarta. "'Yar nan, in na buɗe ƙofata da safe, wa zan gani?"

"Tafki, Kaka! Ruwa har iya ganinki!"

"Tafkin da ya cinye kakanki?"

Wani tsohon masunci ya yi dariya. "Shekara hamsin ina kallon ruwan nan, ko sau ɗaya bai tambaye ni yadda na kwana ba."

"Mu da safe ƙofofin juna muke ƙirgawa," in ji Kaka. "Wadda rana ta ɗaga ba a buɗe ba, ita ake bugawa. Haka bara muka ceci mai surutun nan, yana kwance a ƙasa."

"Barci kuka katse mini!" in ji masuncin.

Kaka ta ci gaba. "A jere kika sa mu kamar shaguna. Sai in mutu, ta kusa da ni tana can tana kallon ruwa."

Ɗan kwangila ya matso, takardun sayen fili a hammatarsa.

"Kada ki damu, ranki ya daɗe. Ke baƙuwa ce. Ai duk ɗan garin nan ya san da wannan."

Ta juyo a hankali.

"Ka sani... ka ce kada in canja ko layi ɗaya?"



Sai a lokacin ta kalli bayan rumfar.

"Kana da wuƙa?"

Kafinta ya taso. Ya zo ya miƙa mata, ya riƙe gindin kwalin da hannu biyu. Ta yanka. Ɗaki bayan ɗaki ta raba su, ta jera su zagaye, kowace ƙofa na kallon 'yan'uwanta, kicin a tsakiya. Tafki ya koma tagar baya, mai so ya leƙa.

"Wannan ba ta ganin waccan," ya ce a hankali.

Ta karkata ta.

"Yanzu fa?"

"Yanzu ta gani."

Kaka ta sunkuya ta ƙirga da yatsa, har goma sha ɗaya. Ta ɗaga hannu. Hannuwa suka bi, sai tsohon masunci kaɗai.

"Da sharaɗi! Kada a sa ni kusa da mai minshari."

"Kai ne mai minsharin!"

Ya ɗaga.

Da aka watse, ta tsaya tana tattara guntayen kwali da ba su da amfani.

"Na faɗa maka magana marar daɗi," ta ce wa kafinta.

"Kin faɗa."

"Me ya sa ba ka gaya mini dalilin ba?"

"Kin tsaya kin ji?"

Ta sunkuyar da kai. "Ka yafe mini... masoyina."

Ya yi murmushi. "Akurkin dai har yau ban zana ba. Amma ƙofa goma sha biyu, ina iyawa."

Gwaggo ta riga ta shiga mota, tana ƙwala mata kira. Ta isa wurin tana kwance hankicin. A gabanta ta mayar da zoben.

"Ke! Kin san abin da kike yi kuwa?"

"Yau dai na sani."

Ta tura ƙofar motar ta rufu, ta sunkuya ta taga.

"Ki gaida gida, Gwaggo. Nan zan zauna, kuma shi zan aura."