Akwatin da Vedran Ya Haɗa

Da takarda a hannu Tihana ta shiga shagon yankan gilashin da ke bayan tashar jirgin ruwa ta birnin Split. Saurayin da ke bakin tebur ya karɓa, ya juya ta sama, ya juya ta ƙasa.

"Wannan zanen akwati ne ko taswirar unguwarku?"

"In ba ka iya ba, ba ni abina."

"Sunana Vedran. Zauna ki yi mini bayani."

Mahaifiyarta ce ta rasu bara, ta bar tankin kifin ruwan gishiri a falo, da murjani mai rai a ciki, da wani shuɗin kifi mai suna Kapetan da ta shekara goma sha ɗaya tana kiwo. Yanzu ruwan ya fara dusashewa. Ana bukatar ƙaramin tanki a ƙasa mai tace shi, amma gilashin babban ba ya huduwa. Sai dai a rataya masa akwati a baki, ruwa ya riƙa sauka ta lanƙwasasshen bututu, inji kuma yana mayar da shi sama.

Sati uku Vedran yana zuwa in ya tashi aiki. Ya yanka farar roba, ya fitar mata da haƙora kamar na matsefi don kada kifi ya bi ruwa, ya manne da gam, ya gwada a baho. A ƙarshe ya ƙara wani ɗan mitsitsin inji mai ƙara kamar sauro.

"In iska ta taru a bututun, ruwa zai daina sauka, injin ƙasa kuwa ba zai fasa turowa ba," ya ce. "Wannan ne ke tsotse iskar. Kada a kashe shi."

Kafin aikin ya ƙare sun saba. Yakan rubuto mata: "Zinariyata, yau gam ya haɗe mini yatsu biyu. Laifinki ne, ke nake tunani."

Ta amsa: "Kai wa likita ƙarata. Gobe ka zo da wuri, akwai taliya da wake."

Mahaifinta, Barba Frane, tsohon makanikin jirgin ruwa, bai taɓa sakar masa fuska ba. Shi Lovre yake so mata, ɗan amininsa mai shagon kayan kifi.

"Mai yankan tagogi ne zai taɓa mini abin da uwarki ta bari?" in ji shi.

"Pape," ta ce, yadda ake kiran uba a garinsu, "hannunsa na da kyau."

"Za mu gani."

Wata Lahadi, bayan Barba Frane ya tashi daga barcin rana, shi da Tihana suka tafi kai furanni kabarin marigayiyar. Suna dawowa suka tarar da ruwa a bakin ƙofa. Tankin ya cika ya tumbatsa, daɓen katako ya jiƙe, maƙwabciyarsu ta hawan ƙasa na buga ƙofa tana nuna silin ɗinta. Kapetan ya bi ruwan ya faɗo. A ƙarƙashin kujera Tihana ta same shi, ya riga ya sandare.

Lovre ya zo ya duba, ya taɓe baki. "Haka aikin ɗan koyo yake. Da kin tambaye ni."

Barba Frane bai kalli kowa ba. "Kada yaron nan ya sake tako mini gida."

Tihana na kuka ta rubuta wa Vedran: "Kapetan ya mutu. Ka ce in yarda da kai, na yarda."

"Tiha, sau ashirin na gwada shi. Ki bar ni in zo in ga akwatin, ko minti biyar."

Ba ta amsa ba. Ya zo har ƙofa, Barba Frane ya hana shi shiga. Wata guda ba su ga juna ba, ita ba ta cin abin kirki, falon kuma ba mai zama. Sai ga saƙo: "Na samu aiki a Jamus, ranar Asabar zan tafi. Ban san inda na yi kuskure ba, amma na jawo miki rashi a kan rashi. Ki yafe mini, zinariyata."

Washegari ta janye kabad ɗin da ke jikin tankin don ta cire akwatin ta jefar. A bayansa ta ga wayar ɗan mitsitsin injin, an zare ta daga soket, an naɗe ta tsaf irin naɗin igiyar jirgi. Mutum ɗaya ne ke naɗe waya haka a gidan.

Ta same shi a kicin. "Pape, wa ya cire wannan?"

Ya ajiye kofin gahawarsa. "Ƙararsa ce ta hana ni barci. Na ce in na tashi zan mayar, na manta."

"Wata guda kana kallona ina zagin mutumin da bai yi komai ba."

"In na ce ni ne, to ni na kashe abu na ƙarshe mai rai da ta bar mana. Na kasa, 'yata."

Ta so ta yi masa faɗa, sai ta fasa. "Ba ni za ka faɗa wa ba," ta ce a hankali.

Ya sa rigarsa ta zuwa coci, ya tafi shagon da ƙafa, ita tana biye. Vedran na haɗa kayan aikinsa cikin jaka.

"Aikinka ba shi da aibu," Barba Frane ya ce. "Ni na kashe injin, na bar ka da laifin."

Fuskar Vedran ta yi ja. "Barba, wata guda ina zana akwatin nan ina neman inda na ɓata."

"Na sani. Ba ni da bakin kare kaina."

Tihana ta matso. "Ni ma ban tsaya na saurare ka ba. In ka tafi, ba zan ga laifinka ba. Amma ba na so ka tafi."

Ya dubi jakar, ya dube ta. "Kin rame."

"Kai ma."

Bai tafi Jamus ba, ko da yake ya ɗau makonni kafin ya iya zama teburi ɗaya da Barba Frane. Su biyun suka sake daɓen falon, suka gyara silin maƙwabciya, kuma a wurin aikin ne suka fara magana.

A watan Satumba aka ɗaura auren a ƙaramin cocin unguwarsu. Bayan an ci gasasshen rago, Barba Frane ya miƙe, ya riƙe hannuwansu biyu cikin nasa.

"Na kusa raba ku saboda tsoron faɗin gaskiya. Ku kada ku kwana da irin wannan a tsakaninku. Allah ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka."

Mutane suka amsa da amin. Vedran ya sunkuya ya ce, "Na gode, Pape."