Ƙoshiya Ta Bakwai

Ina zura hannu cikin kwandon zare na zaro ƙoshiyar saƙa, sai na tsaya cak.

Wannan ba ƙoshiyata ba ce!

Gorar iri ɗaya, tsawon ɗaya, har ɗan jan zaren da na ɗaura a gindinta yana nan. Amma yatsuna ba su sami gurbinsu ba.

"Yusnidar, ke muke jira," in ji Amak Darama, mahaifiyar Uda Masril, tana zaune kan tabarma ko murmushi babu. "An ce kin iya saƙa. To, ido muka kawo."

Mata goma sha ɗaya a ɗakinmu, duk ni suke kallo. Mazan suna tsakar gida, har da Uda, don ba a yarda su hawo ba.

Ina shekara tara matsar raken da ɓauna ke juyawa ta cinye mini yatsu biyu na hannun dama. Tun daga nan hannun yake zaune ƙarƙashin gyale, saƙa kuwa sai na rufe ƙofa. A ƙauyenmu na gindin dutsen Singgalang, budurwar da ba ta saƙa ba a ma kawo zancenta. Da kawuna ya kai kwanon sirih, ganyen da muke taunawa, gidansu Uda don nema mini aurensa, tunda a wurinmu dangin mace ke neman miji, sai Rosma, 'yar kawunsa da uwar ke so ya aura, ta riga shi isa da magana. Wai Kakata ce ke saƙa a ɓoye, ni ina amsa yabo. Amak Darama ta ce in saƙa kamu ɗaya a gabanta, in ba haka ba a mayar mana da kwanonmu.

Rosma tana gefen uwar, hannunta cikin jaka. Ita ce ta yi sammakon zuwa, wai taya mu shimfiɗa tabarmi. Munafuka!

"Ko dai hannun ne ke ciwo, ƙanwata?" ta faɗa da muryar tausayi. "Kada ki takura kanki."

Na yi bisimilla na hau masaƙa. Na cire gyalen, na ji wata ta ce "wayyo" a hankali.

Na wurga daga hagu, ta wuce lafiya. Na ja masefi na buga. Da na zo mayarwa daga dama sai ƙoshiyar ta zame, na cafe ta da ƙyar.

Tak, tak... shiru... tak.

Rabona da jin wannan ɗingishin shekara guda ke nan. Haka saƙata take can baya, har ranar da Kaka ta shigo ta ajiye mini sabuwar ƙoshiya ta ce in gwada. Bayan sati biyu ta karɓe, ta kawo wata. Sau shida ana haka, ina mita tana shiru. Ta bakwai ce ta zauna a hannuna kamar da ita aka haife ni: gurbi uku a gefe, bakinta an toshe da ƙahon ɓauna don ya ja ta gaba. Ranar na saƙa ba tsayawa, sai na ji daga bayan bangon katako, inda masassaƙa ke aiki, wani ya ce "Alhamdu lillahi!" da ƙarfi.

Haka na san Uda Masril, wanda ya sassaƙa mini su duka. Na so shi tun kafin in ga fuskarsa da kyau. Kaka kuwa sati guda na yi ina gaba da ita, don na tabbata ita ta kwatanta masa hannuna.

Wurgi na biyu ma ya ƙi. A na uku hawaye ya rufe mini ido.

"Ai kun gani," in ji Rosma.

Amak Darama ta fara gyara zaninta za ta tashi.

"Amak!"

Muryar Uda ce daga tsakar gida.

"Amak, ki gafarce ni! Ƙoshiyar da ke hannunta ba tata ba ce!"

Uwar ta leƙa taga. "Kai Masril, ido gare ka a jikin bango?"

"Ba na gani, ji nake yi. Wannan ba ta da nauyi a baki. An sauya mata!"

Wurgi uku kacal, ga bango, ga surutun maza, amma ya ji!

Kaka, wadda tun ɗazu take tauna sirih kamar ba ta wurin, ta tofar a kasko.

"Rosma 'yar nan, jakar taki ƙwai ne a ciki? Tun safe kin kasa sakinta."

Rosma ta miƙe, ta zaro ƙoshiyata ta ɗaga sama.

"E, ni na ɗauka! Asiri ne a cikinta, Gwaggo! Da shi take saƙa, da shi ta juya kan Uda! Ko yarinyar goye aka ba wa za ta saƙa!"

"To madalla," in ji Amak Darama. "Hau ki saƙa mana da asirin."

Na sauka, ta hau. Gaskiya Rosma gwana ce, wannan ba zan hana ta ba. Amma yatsu biyar ba su da wurin zama a gurbi uku. Tana wurgawa ƙoshiyar ta karkace, ta tsinke zaren tsaye biyu, ta faɗo ƙasa ta gangara har gaban uwar. Wata tsohuwa ta tuntsire da dariya, aka zungure ta.

Amak Darama ta ɗauka, ta jujjuya, ta shafa gurbin nan uku da babban yatsa.

"Kawo hannunki."

Ban taɓa miƙa wa baƙo shi ba. Na miƙa. Ta ɗora ƙoshiyar, kowane yatsa ya faɗa gurbinsa, har da ɗan lanƙwasar na tsakiya.

Ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗaga murya.

"Masril! Yaushe ka ga hannun 'yar mutane?"

"Wallahi ban taɓa gani ba, Amak."

"To tsohuwa ce ta kwatanta maka?"

"Ni?" in ji Kaka. "'Yar aike kawai aka mai da ni. Ko tambayata bai yi ba, ɗan banza."

Na juyo ina kallonta baki buɗe.

"Shekara biyu ina jin saƙarta ta bango," in ji Uda, muryarsa ta yi ƙasa. "Daga hagu ba ta jinkiri, daga dama sai ta tsaya. Na gane riƙon ne ke ba ta wuya. In na sassaƙa ɗaya sai in saurara, in ji abin da ya rage, in gyara a ta gaba. Tana faɗuwa, tana ɗauka, ba ta taɓa bari ba... Amak, wannan nake so."

Ni dai tsoro ne ya kama ni, tsoro mai daɗi, irin wanda nake ji in gajimare ya yaye daga kan Singgalang. Ashe abin da na yi shekaru ina ɓoyewa bayan ƙofa, wani yana zaune yana haddace shi da kunne!

Na riƙe hannun Kaka. "Ki yafe mini."

"Sai kin biya ni sati guda na hira," ta ce.

Rosma ta sulale ta sauka, ba wanda ya kira ta. Amak Darama da kanta ta ɗaura zaren da ya tsinke, ta koma ta zauna, ta rufe ido.

"Saƙa, 'yata. Ni ma ina so in ji abin da ya ji."

Tak, tak, tak, tak...

Ban tsaya a kamu ɗaya ba, ita ma ba ta ce in tsaya ba.

Bayan girbin shinkafa aka ɗaura aure, dangina suka je da kiɗa suka ɗauko ango zuwa gidanmu, yana sanye da zanen da na saƙa. Da jama'a suka watse muka zauna kusa da masaƙa, ya ce, "Nidar, hasken idona... in gani?"

Na zare gyalen. Ya riƙe hannun da hannu biyu, yana bin kowane yatsa a hankali, idonsa ya cika da ƙwalla. Na sunkuyar da kai ina jiran kalmar soyayya.

"Kash!" ya ce. "Gurbin na tsakiya ya yi zurfi kaɗan."

"Uda!"

"Gobe zan fara ta takwas."

Na ƙwace ƙoshiyata na rungume a ƙirji.

"Ka taɓa mini wannan," na ce, "in mayar da kai gidan Amak."