Tarakta Mai Tsagaggen Bututu

"Malam, kai taraktar nan wurin mai walda."

"Ni ma na iya."

Wani manomi ne da matarsa, can da daɗewa. Bututun hayaƙin tsohuwar taraktarsa ya tsage daga jikin inji, ga ruwan shuka ya sauka.

Ya liƙa yumɓu, tarakta ta yi fut, ta tofar.

"Mai walda, Malam."

"Ni ma na iya."

Ya cusa tsumma, tsumma ya kama wuta. Sai ya shafe tsagar da ƙullun ƙosan matarsa, ya tayar da inji. Tarakta ta yi tari ta mace, ƙamshi ya cika gida.

"Malam, maƙwabta sun gama shuka. Me za mu ci bana?"

Ya ɓamɓaro ƙullun da ya gasu a jikin bututun, ya ɗanɗana.

"Akwai sauran yaji?"