Hannun Baba Suna Ɗaya Ya Sani

Motocin biyu suka yi kiciɓis a tsakiyar gadar Ashino, hanci da hanci, ga gadar ba ta ɗaukar mota biyu.

Makirfo yana hannuna. Na ɗaga kai, sai ga Rintaro a bayan sitiyarin motar 'yan adawa, da farar safar hannu, yana kallona yana danne dariya.

"Chizuru, gaishe su mana mu wuce," in ji Makabe, sakataren ɗan majalisarmu Tokiwa, daga kujerar gaba.

Haka al'adar take, in motocin yaƙin neman zaɓe suka haɗu, mai shela takan rage murya ta yi wa abokan hamayya fatan alheri. Na gyara zama.

"Muna gaida motar Madam Ebihara... Allah ya ba mai rabo sa'a."

Shekara huɗu ina wannan aiki, muryata ba ta taɓa rawa ba sai ranar. Rintaro ya ja da baya ya ba mu hanya, da muka zo giftawa ya motsa leɓɓansa ba sauti: Alhamis.

Na gani. Abin takaicin, Makabe ma ya gani.

Aikina ke nan duk lokacin zaɓe, in zauna a mota daga takwas na safe zuwa takwas na dare ina kiran sunan Tokiwa ta lasifika, ina ɗaga wa mutane hannu, har karnuka da bishiyoyi ba na bari. A kan wannan gadar na fara ganin Rintaro a zaɓen da ya wuce. Na yi musu fatan alheri, shi kuwa bawan Allah ya shagala da muryata har ya goga motarsu a jikin ƙarfen gada. Bayan zaɓe ya zo shagonmu sayen awara. Ya yi ta zuwa sayen awara, har Mama ta ce ko dai yaron nan gidan marayu yake ciyarwa.

Matsalar Baba ce. Genzo Kuramoto, mai awarar Ashino, shekara talatin da shida yana shugabantar ƙungiyar magoya bayan gidan Tokiwa, daga uban har ɗan. A wajenmu da fensir ake rubuta sunan wanda ake so a takardar ƙuri'a, kuma Baba yakan yi taƙama cewa ko a barci ka ba shi fensir, Tokiwa zai rubuta.

Sai bara aka sake shata iyakokin mazaɓu, aka bi rafin Ashino aka ja layi. Gabas ta zauna wa Tokiwa. Yamma, inda gidanmu da shagonmu suke, aka haɗe ta da mazaɓa ta biyu, inda Madam Ebihara take takara da wani baƙo da jam'iyyar Tokiwa ta ɗauko daga Tokyo. Baba ya tara sa hannun mutum dubu biyu, ya je taro ya fi goma, ya dawo da disasshiyar murya, layi bai motsa ba. Maƙwabta suka fara sauya sheƙa ɗaya bayan ɗaya. Mai gyaran keke ya cire hoton Tokiwa daga bangonsa, Baba ya daina gaishe shi. Shi kam ya ce sunan da ya saba zai rubuta, in ƙuri'ar ta lalace ta lalace.

Ana cikin haka Makabe ya zo neman aurena. Baba ya ce zai ba shi amsa washegarin zaɓe, kuma kowa ya san amsar. Shi ya sa na ce wa Rintaro ya zo ranar Alhamis, ranar hutunsa, kafin a yi ba mu.

"Kin tabbata, zuciyata?" ya tambaye ni a waya. "Babanki fa ko awara na saya sai ya zaɓo min gutsurarriya."

"In kana tsoro ka faɗa, in auri Makabe in huta."

"Ko da wuƙar yankan awara zai tare ni, ina zuwa."

Ya zo da la'asar, ana yayyafi. Kwat ɗinsa sabuwa ce, ya ji tausayinta, ya ɗora rigar ruwan da ya tarar a bayan motarsa. Rigar jam'iyya ce, ruwan lemo, da sunan Ebihara rangaɗa-rangaɗa a baya. A hannunsa ga kwalin alewar wake, don ba a shiga gidan manya hannu rabbana.

Da na buɗe ƙofa na ga rigar, na yi maza na tare shi.

"Rintaro, cire wannan abin!"

Ya cire, ya naɗe ta a bakin ƙofa tare da takalmansa. Ya durƙusa gaban Baba, goshinsa har tabarma, ya faɗi abin da ya kawo shi. Baba ya sha shayinsa a hankali, ya ce ɗiyar Kuramoto ba ta shiga gidan da ba su taɓa rubuta Tokiwa ba, sannan ya tura wa Rintaro kwalin alewarsa. Rintaro ya sake rusunawa, ya ce zai dawo. Baba ya ce ƙofar shago a buɗe take ga mai sayen awara.

Na yi kuka ranar, ba zan ɓoye ba. Ashe kukan na gaba ne.

Washegari da hantsi Rintaro ya kira ni, muryarsa ba yadda na san ta ba. An kai wa 'yan sanda hotonsa yana shiga gidanmu da rigar jam'iyya da kwali a hannu, nan take na tuna Makabe ya ga Alhamis ɗin nan a gada. Doka ta hana bi gida-gida neman ƙuri'a, ta kuma hana kai wa mai zaɓe kyauta, ga shi gidanmu yanzu cikin mazaɓar uwar ɗakinsa yake. Shi kam wannan bai ko faɗo masa a rai ba. A kansa gidanmu gidan Tokiwa ne tun kafin a haife shi, wa zai je neman ƙuri'a can? An dakatar da shi daga tuƙi, kuma in laifin ya tabbata kotu ce, sunansa ya ɓaci a garin gaba ɗaya.

"Mutum ɗaya ne zai iya faɗin abin da ya kai ni," ya ce, "kuma kin san shi."

Kafin in isa gida Makabe ya riga ni. Na tarar da takalmansa masu ƙyalli a ƙofa, na tsaya bayan labulen shago tare da Mama, wadda ta riga ni laɓewa, da matsamin awara a hannu.

Makabe yana cewa ba sai Baba ya yi ƙarya ba, in an tambaye shi ya ce dai yaron ya ambaci zaɓe. Baba ya ce bai ambata ba. Makabe ya ce wa zai sani? Baba ya ce shi zai sani. Daga nan muryar Makabe ta canja.

"Baba Kuramoto, mu yi magana ta gaskiya. Ƙuri'arka yanzu ba ta ƙara mu da komai. Wannan ne kaɗai abin da ya rage za ka iya yi wa maigida."

"Na tara masa sa hannu dubu biyu don a bar mu tare da shi."

"Suna nan a kwali a ofis, ba a taɓa su ba. Kai ma ka yi tunani mana... unguwar tsofaffi da ke raguwa kullum, ko unguwar masana'anta da aka ƙara mana? Da aka nemi ra'ayinmu, ko uffan ba mu ce a kan yamma ba."



"Sa takalmanka," in ji Baba, "ruwa ya tsaya."

Makabe ya wuce mu yana gyara wuya, ko kallona bai iya yi ba. Na leƙa, na ga Baba zaune gaban hoton da suka ɗauka da tsohon Tokiwa, ya dafa gwiwoyinsa. Ban taɓa ganinsa ƙarami haka ba, tausayinsa ya kama ni har na manta da fushin da nake yi da shi.

Mama ce ta shiga, ta ajiye masa shayi.

"Tunda yau ranar tonon asiri ce," ta ce, "ni fa shekara goma sha biyu rabona da rubuta Tokiwa."

Baba ya ɗago a hankali.

"Me kika ce?"

"Tun da suka rufe asibitin haihuwa na sauya. Kai ke ɗaukata a mota kana kai ni rumfar zaɓe, na gode."

Na toshe bakina da hannu. Baba ya dubi matarsa ta shekara talatin kamar yau ya fara ganinta. Can ya ce a miƙo masa hularsa.

Na bi shi har ofishin 'yan sanda. Rintaro yana zaune a benci, ya miƙe ya rusuna, Baba ya wuce shi kamar bai gan shi ba. Jami'in ya tambayi Baba ko saurayin ya nemi ƙuri'arsa.

"Ƙuri'a? Da ita ya nema ai da sauƙi. 'Yata ya zo nema."

Jami'in ya rubuta. Ya tambayi kwalin alewa, Baba ya ce ya mayar masa da abinsa ko buɗewa bai yi ba. Ya tambayi riga, Baba ya ce a ƙofa ya bar ta tare da takalma, kuma da ta shigo masa ɗaki da shi da kansa zai kawo ƙara. Jami'in yana murmushi ya ce saura tambaya ɗaya, ba ta cikin takarda: wace amsa aka ba saurayin?

"Wannan ba hurumin hukuma ba ne," in ji Baba.

Aka sallami Rintaro. A bakin ƙofa ya yi ta godiya, Baba ya ce masa ba don shi ya yi ba, don gaskiya ya yi, ya kama hanyarsa. Ni kuwa na kira ofishin Tokiwa na ce su nemi wata mai shela, maƙogwarona ya gaji.

Kwanakin da suka rage Baba bai ce komai ba a kan kowa. Ya dai sauke hoton daga bango, ya kuma fara gaida mai gyaran keke. Kullum in ya gama aikin safe sai in gan shi a bayan shago da fensir, ya sunkuya kan takardar da muke naɗe awara, in na matso ya kife ta. Mama ta ce sunan Ebihara yake koyo, kada ya je ya ji kunya a rumfar zaɓe, don a rubutunmu kowane suna da irin zanensa. Na ce to, ko ba komai ƙuri'a ɗaya ta tsira, ni dai maganar aurena ta bi ruwa.

Ranar Lahadi muka je makarantar firamare mu uku muka yi zaɓe. Baba ya daɗe a rumfa. Da ya fito Mama ta tambaye shi wa ya rubuta, ya ce ita da ta ɓoye nata shekara goma sha biyu ba ta da bakin tambaya.

Muna dawowa ya ce in kira "direban nan mai goga mota a gada".

Rintaro ya iso da gudu, babu riga ruwan lemo wannan karon. Baba ya jawo tarin takardun naɗe awara ya zube a gabanmu. Na ɗauki ta sama.

Ba Ebihara ba ne. Nonomura Rintaro... Nonomura Rintaro... shafi bayan shafi, na farkon a karkace kamar rubutun ɗan aji ɗaya, na ƙarshen tsaf.

"Baba..."

"Sunanka wahalar rubutu gare shi, yaro," in ji Baba, yana kallon bango. "Ga katin gayyata ɗari biyu, kuma ba zan bari injin ya rubuta min sunan suruki ba."

Rintaro ya kifa goshi a tabarma, kafaɗunsa suna rawa. Ni na rasa ko dariya zan yi ko kuka, sai na haɗa duka biyun.

"Shekara talatin da shida hannuna suna ɗaya ya sani," Baba ya ci gaba, "ashe mai sunan bai san da ni ba. Na ce in dai sabo zan koya da tsufana, gara in koyi na wanda ya ce zai dawo bayan na kore shi."

"Zan riƙe ta amana, Baba," in ji Rintaro.

"Ka riƙe. In ba haka ba, na iya goge suna yanzu."

Mama ta shigo da faranti, an yanka awara mai zafi, ta ajiye gaban Rintaro. Baba ya leƙa farantin, ya sa tsinke ya ɗauke gutsurarriyar ya kai gabansa, ya tura masa lafiyayyar.