Birkin Marsandin Ilyasu

Tun da birkin tsohuwar Marsandi ya kashe Ilyasu a hanyar Ngong, uwarsa Inna Hindu ta kafa motar a ƙofar gida, ta rantse ba mai taɓa ta sai bakanike Zacharie ya amsa laifinsa gaban jandarma.

Bayan isha'i ta ji ƙarar sifana. Ta fito da fitila, sai ga ƙafafu a ƙarƙashin motar, ga ƙamshin kafur.

"Zacharie, marar tsoron Allah! Shaida ka zo ɓatarwa? Fito!"

"Inna, ƙyale bawan Allah," in ji wata murya a hankali. "Ni na ɗaura birkin da hannuna."

Ta haska ƙafafun. Manyan yatsun a haɗe suke, ɗaure da ƙyallen da ta yage daga mayafinta ranar jana'izar Ilyasu.