Kwamfutar Suruki Ta Ƙi Tashi

Gab da magariba Injiniya ya isa gidan surukinsa, da sukundireba a aljihu. Kwamfutar teburin tsohon ce ta ƙi tashi, shi kuwa gogan tun a waya ya cika baki, "Baba, ai wannan aikin yara ne." Mutumin da ke son a ga girmansa a gidan surukai, me ba zai faɗa ba?

Baba ya nuna masa ɗakin, ya wuce masallaci.

Injiniya ya danna maɓalli, shiru. Ya canza soket, ya canza waya, ko ƙyas. Sai ya zare wayar wutar gaba ɗaya kamar yadda masu gyara ke yi, ya kwance murfin akwatin kwamfutar. Wani wari ya bugi hancinsa, ba na ƙonewar waya ba. Warin ɗaki ne da mutane suka kwana a ciki ba a buɗe taga ba. Ya daure ya cire ram, ɗan allon ƙwaƙwalwar kwamfutar, ya goge, ya mayar.

Fankar ciki ta fara juyawa.

Ya dubi wayar wutar. Tana yashe a ƙasa, kusa da ƙafarsa.

Tsabar sabo ta sa ya kara kunne a jikin akwatin, yadda yake sauraron na'ura in tana neman lalacewa. Ƙarfen da ɗumi. Numfashi ya ji, a hankali, kuma ba na mutum ɗaya ba.

"Malam," aka raɗa masa daga cikin akwatin, "rufe mana. Yara na barci."

Wasu yatsu masu sanyi suka kama masa kunne.

Ihun da ya kurma har maƙwabta sun ji. Ya fizge, ya yi waje ba takalmi, ya ci karo da Baba a bakin ƙofa. Tsohon ya dubi fuskarsa, idonsa ya sauka kan wandon da ya jiƙe sharkaf, ya yi maza ya kau da kai.

"Je ka gida, Injiniya," ya ce ƙasa-ƙasa. "Ni zan mayar da murfin."

Washegari kwamfuta ta tashi da kanta. Baba bai taɓa tayar da zancen wandon ba, ko ga 'yarsa, kuma wannan karamcin ya fi zagi yi wa Injiniya ciwo. Tsoron ya wuce, kunyar ce ta zauna daram. Duk taron dangi sai tsohon ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ga wanda ya gyara mini ita."

"Allah ya ƙara girma, Baba," in ji Injiniya, idonsa a ƙasa, kamar ta tsage ya shige.